Tsohon tankin siminti: a gyara ko a sayi na roba?

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Birni a Damagaram ya aiko da tambaya. Ya gaji tankin siminti a tsakar gida, mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, mita 2 zurfi, ya shekara da yawa ba a zuba masa ruwa ba. Yana so ya riƙa tara ruwan pampo yana sayar wa 'yan garuwa lokacin bazara, amma jarinsa kaɗan ne. Ya gyara shi ko ya sayi na roba?

Alhaji, kada ka fitar da ko dala tukuna. Tankin nan yana cin lita 8,000, wato jarka 320 mai lita 25. A garin da ke zaune bisa dutse, inda haƙa rijiya ke da wuya kuma pampo kan ɗauke daga Maris zuwa Mayu, wannan dukiya ce. Tankin roba mai wannan girma zai cinye jarinka gaba ɗaya.

Fara da kwashe laka, a goge bango da buroshi mai ƙarfi, a wanke. Sannan ka cika shi, ka bar siminti ya sha kwana biyu, ka ƙara ruwa, ka sa alama, ka rufe. Kowace santimita da ruwan ya sauka, lita 40 ce ta tafi. Idan yana sauka santimita 5 a yini, jarka 8 kake zubarwa kullum, kuma ruwan da ka biya kuɗinsa ne. Wannan lissafin shi zai gaya maka ko gyaran zai mayar da kuɗinsa.

Tsagar da ke kan shafe kawai ba abin tsoro ba ce. Magini ya buɗe ta, ya cika, ya yi sabon shafe da siminti kashi ɗaya, yashi mai tsabta kashi biyu, a haɗa da maganin hana yoyo irin su Sikalite bisa awon da ke jikin leda. Ya kula da kusurwoyin da bango ya haɗu da daɓe, nan ne yoyo ya fi ɓuya. A yi ta yayyafa ruwa kwana 7, domin zafin Damagaram yana busar da siminti kafin ya kama. Amma in tsagar ta ratsa bango har waje, ko daɓen ya nutse, ko tankin yana dab da masai, to ka haƙura, na roba ya fi maka.

Ina roƙonka, kada wani ya ruɗe ka da kwalta ko fentin mota don araha. Ruwan nan cikin 'ya'yan mutane zai shiga. A wanke tankin da ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye sosai, kada a gauraya shi da wani sinadari. Mai shiga ciki kada ya shiga shi kaɗai, kuma kada a kunna inji mai hayaƙi a cikin ramin.

Game da kuɗi, ka yi jinga da magini a kan aikin duka, ka sayi kayan da hannunka, ka riƙe kashi ɗaya cikin uku na ladansa sai gwajin ruwa na biyu ya nuna ba yoyo. Ka ware kuɗin murfi mai kulle da na takardar ruwa ta wata biyu, domin ita za ta riga riba zuwa. Aikin kuma a yi shi da sanyin Disamba ko Janairu, kafin jarka ta yi tsada.