Kwana nawa zan rubuta wa matar da aka doka?

Tambaya: Ni sabon likita ne a wani asibiti a yankin Marwa. An kawo min wata mata da mijinta ya lakaɗa wa duka, jandarmomi suna jiran takardar likita. Yayanta ya roƙe ni in ƙara kwanakin jinya, dangin mijin kuma sun aiko a rage. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanena, sannu da aiki. Su biyun sun san abin da suke nema, domin a Kamaru adadin kwanakin da ka rubuta shi ne yake nuna wa alƙali girman laifin. A kundin hukunta laifuka na 2016, raunin da ya hana mutum aiki fiye da kwana 8 zuwa 30 yana ƙarƙashin sashe na 281, ɗaurinsa kan kai shekara 2. In ya haura kwana 30, sashe na 280 ne, wata 6 zuwa shekara 5. In kuwa an rasa ido ko amfanin wata gaɓa har abada, sashe na 277 ya tanadi shekara 10 zuwa 20. Ka ga kwana ɗaya tak na iya sauya shari'a.

Don haka kada ka fara da lissafin kwana, fara da jikinta. Ka sallami kowa daga ɗakin, har yayan, ka bar ma'aikaciyar jinya mace, ka nemi yardarta kafin ka duba. Abin da ta faɗa ka rubuta shi da sunanta: "ta ce an doke ta da muciya." Kai ba ka wurin, saboda haka ba ka da hurumin rubuta "mijinta ya doke ta". Lauyan mijin zai kama wannan jimla ɗaya ya rushe takardar duka, ita ce kuma za ta yi asara.

Sannan abin da idonka ya gani, rauni bayan rauni: a ina yake, dama ko hagu, santimita nawa, kumburi ne, ƙujewa ce ko yanka. Kalma irin "raunuka da yawa" ba ta amfanar kowa. A baƙar fata taruwar jini kan ɓoye, sai ka duba da haske mai kyau, ka taɓa, ka lura da inda ta zabura. Kada ka ƙiyasta ranar rauni daga launinsa, launi yana yaudara. Ka tambaye ta ko an shaƙe ta, ko tana da juna biyu, ko an tilasta mata kwanciya. In an tilasta mata, maganin kariya daga ƙanjamau sai cikin awa 72. Rashin barci da firgita su ma a rubuta.

Kwanakin kuwa, daga raunin za su fito. Abin da yake ɓata min rai shi ne jin ana cewa matar gida ba ta aiki, don haka a ba ta kwana 2. Wadda ba ta iya ɗebo ruwa, ba ta iya daka, ba ta iya goyon ɗanta, an hana ta aiki. In kana zargin karaya, ka jira hoton ƙashi, ka rubuta cewa adadin na iya ƙaruwa bayan an sake dubawa.

Ka sa kwanan wata, sa hannu da hatimi, ka ajiye kwafi. In jandarmomi ne suka nema a rubuce, su za ka miƙa wa. In ita ce ta nema, a hannunta za ka saka, ba hannun yaya ko suruki ba. Kafin ta fita ka tambaye ta inda za ta kwana yau.