Otofaji: "cin kai" ne ko me za mu ce da Hausa?

Wata ɗalibar jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi ta turo min tambaya, wai an koya musu otofaji da anzim a aji, tana so ta yi wa kakarta bayani amma Hausar ta gagara, shin ta ce "cin kai"? Kuma karin maganar nan "da tsohuwar zuma ake magani" ta dace?

To ɗiyata, kalmar otofaji daga Girkanci take, oto kai, faji ci, wani masani ɗan Beljiyam Christian de Duve ya raɗa ta a 1963. Amma fa "ci" a Hausa baki gare shi da yawa, cin kasuwa daban, cin amana daban, in kika ce wa tsohuwa jikinki na cin kansa salati za ta sa ta ce a nemo mai magani. Alhali abin gyara ne. Ki je wurin masu zubin tukwane ki gani, gwangwani da fasasshiyar tukunya ake tarawa a narke a zuba sabuwa, haka ƙwayar halitta ke naɗe tarkacenta cikin 'yar jaka ta kai wa lizozom, wato ɗakin narkarwa da ke cikinta, can anzim suke narkar da shi a sake gini da abin da ya fito. Ni dai "narka-ka-ƙera" zan ce, in masana sun ƙi sai su kawo tasu.

Anzim kuwa ki bar shi anzim, ki ƙara da cewa sinadari ne mai gaggauta aiki shi kuma ba ya ƙarewa cikin aikin. Wasu na kwatanta shi da kanwa cikin wake, ya yi kusa, sai dai kanwa a tukunya take tafiya. Kuma ba narkarwa kaɗai suke ba, su ke ba da izini ma: in abinci ya wadata wani anzim mai suna mTOR ke taka wa otofaji burki, in ƙarfin ƙwayar ya yi ƙasa wani mai suna AMPK ya tada ɗan'uwansa ULK1 aiki ya fara. Yoshinori Ohsumi na Japan a yis ɗin burodi ya gano hanyoyin otofaji har ya ci Nobel a 2016, kin ga wani "ci" ɗin kuma.

Zancen zuma kam bai hau ba, ita ajiye ta ake ba a rushe ta. Tunda yunwa ke tada abin, gwara ki ce mata rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, za ta gane.