Gwaggonka wahaya ce, magada sun hana ta komi: kotun CEDEAO ba ita ce ƙofar ba

Malam, na karanta saƙonka daga yankin Tahoua. Ka ce gwaggonka an kai ta gidan wani mai hali tana yarinya a matsayin wahaya, wato macen da ake saye a riƙe kamar baiwa, bayan matansa huɗu, ta haifa mai ɗiya uku, yanzu ya rasu manyan ƴaƴansa sun raba gonaki da bisashe sun ce ita da ɗiyanta ba su da komi. Kana son in nuna maka yadda za ka kai su kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kamar yadda Hadijatou Mani, wata ƴar Nijar da aka yi wahaya da ita, ta yi, in ba ta yiwu ba kuma kotun duniya ta Hague. Bakinka ɗaya na ji, ban ji magadan ba kuma ban ga takarda ko guda ba, don haka ka ɗauki maganata da wannan sharaɗi.

Hadijatou ba ta kai ubangidanta kotun CEDEAO ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ƙasar Nijar ta kai ƙara. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240, a 2005 aka ba ta takardar ƴanci, da ta auri wanda take so sai aka yanke mata wata 6 wai ta yi aure kan aure. Abin da kotun ta ce a hukuncin da ta yanke a Yamai ranar 27 ga Oktoba 2008 shi ne alƙalan ƙasa da hukumomi sun ga bauta ƙiri-ƙiri ba su kare ta ba, shi ya sa aka ce gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa. To ka gani, sai da ta bi ta kotunan gida, a Konni da Yamai, suka gaza, gazawar tasu ce ta zama hujja. Kotun ba ta sauraron ƙarar mutum a kan ɗan'uwansa mutum, ba ta raba gado, ba kuma wurin ɗaukaka ƙara ba ne. Kai kuwa ko gun maigari ba ka ce kun je ba.

Bayan haka ma ƙofar da kanta ta canza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da fita daga CEDEAO a Janairun 2024, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Lauyoyi na iya jayayya a kan abin da ya faru kafin wannan rana, amma ni ban ba ka shawara ka sayar da ko tunkiya ɗaya ka zuba kuɗin a kan wannan jayayya ba. Ta Hague kuma ka cire ta daga ranka, aikinta kisan ƙare dangi ne da laifin yaƙi da manyan laifuka kan bil'adama, mai gabatar da ƙararta ke ɗaukar shari'a, ba mutum ke shigar da ƙarar gona ba.

Akwai kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya, Nijar ta ajiye sanarwar yarda mutum ya kai ƙara can kai tsaye a 2021, ko da yake duk lauya mai hankali zai fara duba ko sanarwar na nan daram kafin ya rubuta komi, yadda abubuwa ke sauyawa yanzu. Akwai hukumar haƙƙin ɗan adam ta Afirka a Banjul, akwai kwamitin haƙƙin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a Janiba wanda Nijar ta amince da shi tun 1986. Dukkansu ƙasa ake kai ƙara, kuma dukkansu sai ka nuna ka bi matakan kotunan gida har ƙarshe, ko an ja ka an ja ba dalili. Shekaru ake yi, gwaggonka kuwa damina mai zuwa take buƙatar gona.

Amfanin waɗannan hukunce-hukuncen na waje a gare ku, a ganina, a cikin gida yake. Tun 2003 dokar hukunta laifuka ta Nijar ta maida bauta babban laifi, ɗaurin shekara 10 zuwa 30, kuma a 2019 babbar kotun ƙasa, a shari'ar Hadijatou ɗin dai, ta ce wahaya ba aure ba ce kuma ta saɓa doka. Waɗannan ake ajiyewa gaban alƙali a Tahoua ko Konni ko duk inda kuke, kuma suna da nauyi.

Sai dai ka bambance abu biyu da ka haɗa. Mutumin ya rasu, ba a tuhumar mamaci, shari'ar laifi a kansa ta mutu da shi. Amma in magadan sun riƙe ta a gidan suna cewa ita ma cikin dukiyar take, ko suna tilasta ta aiki, ko sun hana ta tafiya da ɗiyanta, wannan laifinsu ne na kansu, kuma a nan ban ce a yi sulhu ba, a kai wa jandarma ko mai gabatar da ƙara. Ba ka faɗa mini ko haka ne ba, kuma amsar na canza komi. Doka ta ba ƙungiyoyin yaƙi da bauta damar shiga shari'a irin wannan, Timidria ta daɗe tana aikin a yankinku.

Gado kuma, ga inda zan ɓata maka rai kaɗan. Ka rubuta cewa dole a ba ta tumuni kamar sauran matan. Ban ga yadda za a ce dole ba. Tumuni na matar aure ne, ba zai yi sauƙi ku ce bauta ce ba aure ba a nan, can kuma ku ce matar aure ce a ba ta rabonta. Abin da za ta iya nema wa kanta ya fi kama da diyya daga dukiyar da ya bari, shi ma yana da wa'adi da buƙatar shaidu, ban yi maka alkawarin za ta samu ba. Ƙarfinku na gun ɗiyan. In marigayin ya karɓe su ɗiyansa ne, an yi suna, gari ya sani, balle in sunansa na kan takardar haihuwarsu, to ko a fiƙihun Malikiyya da ake raba gado da shi a wajenku ɗan ƙwarƙwara na gadon ubansa daidai da ɗan matar aure. Magadan da ke cewa ɗiyan baiwa ba su gado, in har haka suka ce, ban san daga wane malami suka ji ba, kuma ina zaton su ma sun sani.

Don haka ni da zan ce, a fara da zama gaban maigari ko sarki tare da liman da dattawan da suka halarci sunan yaran, a nemi rabon ɗiyan uku da wurin zama da gonar da uwarsu za ta ci. Na san damuwarka, wani sa'in mai sulhun da magadan abokan cin tuwo ne. Shi ya sa komi aka yi a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu a sa hannu ku riƙe kofi, kuma kar ta dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta mata da Hausa ba. In an watse ba a daidaita ba sai kotu, alƙali na zama da masana al'ada a shari'ar gado, wanda bai yarda ba ya ɗaukaka. In ba kuɗin lauya ku nemi ofishin hukumar ANAJJ mai taimakon marasa hali a harabar kotu.

Abu guda kuma, ita gwaggon ce mai ƙara ba kai ba. Ka tambaye ta mi take so ba a gaban kowa ba, don ɗiyanta da waɗannan magadan uba ɗaya suke kuma gari ɗaya za su zauna. Kafin nan ku tattara takardun haihuwar yaran da sunayen gonakin da aka raba, ku kuma sanar da maigari a rubuce cewa akwai jayayya a kansu, kar a wayi gari an sayar da wata.