Ayari ne, garke ne, ko cincirindo?

Tambaya: Malam, idan jan baki suka taso dubbai suna juyi a sama kamar hayaƙi, ayari za mu ce ko garke? Kuma wa ke jan gaba da har ba sa karo?

Amsa: Ɗan uwa ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Yanzu kowa da ya ga tsuntsaye da yawa sai ya ce "ayarin tsuntsaye", har masu karanta labarai, kuma abin na damu na wallahi, don ayari ba ya zama ayari sai da madugu, garke kuma da ka faɗe shi kunne na jiran ya ji makiyayi. Su kuwa waɗannan ba su da ko ɗaya. Ni cincirindo nake cewa, taro ne mai yawa da ba wanda ya jera shi. Kuma ba ra'ayina kaɗai ba ne, a 2008 wasu masana a Italiya, cikinsu har da Giorgio Parisi wanda ya ci kyautar Nobel a 2021, suka fitar da sakamakon hotunan da suka riƙa ɗauka daga saman bene na tsuntsayen da ke cika sararin birnin Rum da yamma, suka gano kowane ɗaya maƙwabtansa shida ko bakwai kawai yake lura da su, ko sun matso ko sun yi nisa adadin dai shi ne, shi ya sa ko shaho ya keta su ba sa watsewa, sai su buɗe su sake haɗewa. Tun 1986 ma wani masanin kwamfuta, Craig Reynolds, ya gwada abin a kwamfuta da ƙa'ida uku: kar ka matse na kusa da kai, bi inda suka dosa, kar ka ware. Da wannan kaɗai tsuntsayen kwamfutar suka tashi tare ba shugaba. To ina madugu a nan? Inda zan ɗan sassauta shi ne tattabaru, don binciken da aka yi a Hangari a 2010 ya nuna a ƙaramin rukuninsu akwai waɗanda in sun juya saura ke bi. Wanda ya kira waɗannan ayari ba zan yi musu da shi ba.

Tambaya: Cincirindo na mutane ne kawai?

Amsa: A'a 'yar uwa, yawa da cunkoso ake nufi, ko na mene ne.

Tambaya: "Da na gaba ake gane zurfin ruwa", shi ne abin da tsuntsayen ke yi?

Amsa: Karin maganar kan ɗaukar darasi daga wanda ya riga ka ne, kar a ja ta inda ba ta je ba. Idon irin waɗannan tsuntsaye a gefen kai yake, kuma a binciken na Rum an ga mafi kusa da kowanne yawanci a gefensa yake, ba a gabansa ba. Sannan wani masani, Wayne Potts, ya nuna a 1984 cewa ba sa jiran sai na jikinsu ya juya, tun daga nesa suke hango juyin yana tahowa su shirya masa.

Tambaya: Meye bambancin karo da taho-mu-gama?

Amsa: Karo ko da bango ana yi, taho-mu-gama kuwa sai biyu sun fuskanci juna kowa na tafe, don Allah a daina cewa mota ta yi taho-mu-gama da bishiya. A 2016 a Jami'ar Queensland ta Ostareliya an saki wasu ƙananan tsuntsaye dangin aku gaba da gaba a wani dogon lungu, aka ga galibi kowanne dama yake kaucewa, sai su wuce juna lafiya. Gilashin taga ne dai ke kashe tsuntsaye da yawa, don ba sa gane akwai shi.