Tambaya da Amsa: Yadda Mai Bincike Ke Cajin Kuɗin Tafiya da na Aikin Kare Wanda Ake Tuhuma

Wasiƙun wannan mako daga iyalan waɗanda ke tsare suka fito. Lauya ya ce a ɗauki mai bincike mai zaman kansa ya nemo shaidu, daga baya kuma maganar kuɗi ta kawo saɓani. Lauyoyi da masu binciken da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Ƙanena yana tsare a Kurmawa bisa zargin fashi, alhali ranar da aka ce abin ya faru yana Kaduna wajen saro kaya. Mai binciken da lauya ya haɗa mu da shi ya je Kaduna ya kwana ɗaya, ya kawo lissafi, sai na ga kuɗin tafiya ya kusa kamo kuɗin aikin. Haka ake yi, ko cutata aka yi? *Wata Hajiya daga Gwammaja*

Amsa: Hajiya, Allah ya bayyana gaskiya. Yawan kuɗin shi kaɗai ba ya nuna cuta. Abin da za ki nema shi ne a warware miki lissafin dalla-dalla: abin hawa daban, lokacin da aka ɓata a hanya daban, masauki da abinci daban, sai ƙananan kashe-kashe irin su adaidaita sahu, kati da kwafin takardu. Wanda ya rubuta "tafiya Kaduna" ya ɗora adadi ɗaya a gabansa, ki mayar masa ya sake.

Ɗauki abin hawa. Daga Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. Ƙara 40 na zirga-zirga a cikin gari, ya zama 500. Ƙaramar motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 50. Ki ninka da farashin lita na ranar; in mun ƙaddara naira 1,000 don sauƙin lissafi, man ya kama naira 50,000. Sai dai mota ba mai kaɗai take ci ba, akwai taya, baƙin mai da kuɗin bakanike, shi ya sa wasu ke yanka farashi a kan kowace kilomita. A Amurka hukumar haraji ce ke fitar da ma'aunin da masu bincike da yawa ke bi, kuma man da lalacewar mota duk suna ciki. Wannan ƙa'ida ta haɗa mai da lalacewar mota a farashi ɗaya ita ce abin riƙewa a nan ma. Wanda ya caje ki a kan kilomita ba zai kuma kawo rasit ɗin gidan mai ba. Ɗaya ake biya, ba biyu ba. Kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka ya fi kyau a rubuta cewa za a yi lissafi da farashin ranar tafiya, tare da hoton mitar mota kafin tashi da bayan dawowa.

Lokacin hanya shi ne inda aka fi samun rigima. Wasu na fara ƙirga awa daga fitowarsu ofis har su dawo, a cikakken farashi. Wasu na karɓar rabi a kan awannin tuƙi. Mu a ganinmu rabin ya fi adalci: tuƙi ba bincike ba ne, amma kuma mutum ya rasa yininsa, ba zai yi wa wani aiki ba. Idan kuwa kuɗin yini kuka yi da shi, to awannin hanya suna cikin yinin, ba a sake ɗora su.

Tambaye shi abu biyu. Na farko, ko aikinku kaɗai ya kai shi Kaduna? In ya haɗa da na wani, a raba kuɗin hanya. Na biyu, me ya hana shi shiga motar haya a Unguwa Uku? Yana iya samun hujja mai kyau, misali shago yana Kasuwar Barci, masauki yana Kawo, direban da ya ɗauko kayan yana wani wuri, kuma duk a yini ɗaya ake son ganinsu. Amma in takarda ɗaya za a karɓo, abokin aikinsa da ke zaune a Kaduna ya isa, ba sai an tashi mota daga Kano ba.

Wani abu da ya fi kuɗin muhimmanci: kotunan Najeriya suna so wanda ya ce ba ya wurin da aka aikata laifi ya faɗi haka tun a jawabinsa na farko ga 'yan sanda, da bayanin inda yake da waɗanda yake tare da su, don a samu damar bincikawa. Ki tambayi lauya ko ƙanenki ya faɗa a lokacin. In bai faɗa ba, aikin mai binciken ya ƙaru, domin sai ya kawo abin da ya fi bakin mutum ƙarfi: rasit mai kwanan wata, rajistar masauki, takardar banki da ke nuna ya ciri kuɗi wajen mai POS a Kaduna a wannan rana.

Tambaya: Wani mai bincike ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba sai an sallami ɗana, sannan in ba shi kuɗi mai kauri. Ni na ga kamar ya fi mini sauƙi. *Wani dattijo daga Fagge*

Amsa: Baba, don Allah kada ku yarda. Ƙa'idojin aikin lauya a ƙasar nan sun hana lauya ɗaure ladansa da sakamakon shari'ar laifi, kuma dalilin hanin ya fi kama mai bincike. Ranar da ya shiga akwatin shaida, mai gabatar da ƙara zai tambaye shi yadda ake biyansa. Da ya ce sai an sallami yaron zai samu kuɗi, maganarsa ta yi rauni a idon alƙali, ko da gaskiya ya faɗa. Sannan mutumin da abincinsa ya rataya a kan sallama yana iya koya wa shaidu abin faɗa, ko ya ɓoye wa lauya abin da ya gano mara daɗi. Lauyan da bai san raunin shari'arsa ba a gaban kotu zai ci karo da shi, lokacin da babu gyara. Shaidar zur kuma laifi ce mai zaman kanta a dokar laifuka ta Final Kod, tana iya jawo wanda ya shirya ta.

Hanyoyin biya na gaskiya uku ne. Akwai na awa, wanda ya dace da aikin da ba a san iyakarsa ba, kamar neman shaidar da ya bar gari. Akwai kuɗin yini, wanda aka fi sabawa da shi a nan. Akwai jinga, ga aikin da ke da farko da ƙarshe, kamar zuwa wurin da abu ya faru a auna a ɗauki hoto. Yawanci ana karɓar adibas, a riƙa cire aiki daga ciki. Ku sa a rubuta iyaka: idan adibas ya kusa ƙarewa a tsaya a sanar da ku, kuma duk tafiyar da za ta fita daga Kano sai da amincewar lauya.

Kada ku yi mamakin aikin kare wanda ake tuhuma ya fi neman adireshin mai bashi tsada. Mai binciken zai karanta takardar tuhuma da jawaban shaidun gwamnati layi-layi, yana neman inda lokaci ko wuri ya saɓa. Zai je gidan gyaran hali ya ji ta bakin yaron. Zai je wurin da abin ya faru a daidai lokacin da aka ce ya faru: in shaida ya ce da ƙarfe 11 na dare ya gane fuska daga bakin shagonsa, sai an tsaya a bakin shagon nan da ƙarfe 11, a auna taku nawa ne, a duba ko akwai fitila, ko katanga ta tare. Shaida ɗaya kan sa a je wurinsa sau biyu ko uku kafin ya yarda ya yi magana, kuma ana so a je su biyu, don kada gobe ya ce an tsorata shi. Wannan mutum na biyun ma yana da kuɗinsa, a faɗa muku tun farko.

Ku biya ta hannun lauya, rahoto ma ya tafi wurin lauya. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya kare sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa, kuma aikin da aka yi bisa umarnin lauya ya fi kusa da wannan kariya a kan wanda iyali suka sa aka yi a gefe.

Tambaya: An ɗage shari'armu a Babbar Kotu da ke Miller Road sau da dama, kuma duk zuwan da mai binciken ya yi sai ya caje mu yini guda. *Wani matashi daga Kurna*

Amsa: Malam, wanda ya bar aikinsa ya zo kotu yana da haƙƙi ko ba a zauna ba. Gyaran shi ne kada ya zo sai ranar da lauya ya ce za a kira shi, kuma ku daidaita a kan rabin yini idan an ɗage kafin azahar.

Ka kuma sani, sashe na 37 da 38 na Dokar Shaida ba su bari ya tsaya ya ce "wane ya gaya mini" a karɓa a matsayin hujja ba. Abin da ya gani, ya auna, ko ya ɗauka da kansa zai faɗa. Shaidun sai sun zo da ƙafarsu, don haka ku ware musu kuɗin mota, abinci da masauki. Iya abin da suka kashe za a ba su, a rubuta a sa hannu. Abin da ya ɗara haka za a iya fassara shi da sayen shaida.

Tambaya: Mai bincikenmu ya ce in na ƙara kuɗi zai samo mana bayanan kiran wayar mai ƙara ta hannun wani da ya sani a kamfanin waya. *Wata baiwar Allah daga Hotoro*

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki biya. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin wayar mutane, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Hanyar da ta dace ita ce lauya ya roƙi kotu ta aika wa kamfanin sammaci ya kawo bayanan. Takardar da aka fitar ta bayan gida ba ta da wanda zai tsaya mata, alhali sashe na 84 na Dokar Shaida yana neman shaidar yadda aka fitar da duk abin da ya fito daga kwamfuta: wace na'ura ce, tana aiki daidai ko a'a, da sa hannun wanda ke da alhakinta.

Kuɗin nan ki kai shi inda ake gaggawa. Kyamarar CCTV ta shago ko gidan mai tana goge tsohon hoto da kanta idan ma'ajiyarta ta cika, wata cikin 'yan kwanaki, wata cikin 'yan makonni. Tafiyar da za ta ceto wannan hoton ita ce ta farko da ya kamata a biya, kuma a dawo da sunan wanda ke kula da na'urar, don shi zai sa hannu a takardar.

Tambaya: Ta yaya zan gane mai lasisi? Kuma in ba ni da hali fa? *Wani mai karatu daga Rijiyar Lemo*

Amsa: Malam, dokar kamfanonin gadi ta 1986, wadda hukumar Sibil Difens ke kula da ita, lasisin gadi take bayarwa, ba na bincike ba. A watan Oktoban 2024 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin da ya nemi a riƙa ba masu bincike masu zaman kansu lasisi. Saboda haka ka dogara da lauyan da ya taɓa aiki da mutumin, ka duba rajistar kamfaninsa a hukumar CAC, ka je ka ga ofishinsa. Ba shi da ikon ɗan sanda na kama mutum, ko shiga gida ya yi bincike, ko ya ce shi jami'in tsaro ne, ko da tsohon ɗan sanda ne. Duk wanda ya sa "kuɗin ganin manya" a lissafinsa, ka rabu da shi.

In babu hali, je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa da ke Kano, wadda ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Sashe na 36(6) na Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin isasshen lokaci da abin da zai shirya kariyarsa da shi, kuma da wannan lauya ke neman kwafin jawaban shaidun gwamnati. Iyali ma za su iya rage wa lauya aiki: a rubuta yadda ranar ta gudana awa bayan awa tun ba a manta ba, a tara rasit da tikitin mota a ambulan ɗaya, a ajiye wayar wanda ke tsare ba tare da goge komai ba, a rubuta sunaye da unguwannin waɗanda suka gan shi. Mai ƙara da shaidunsa kuwa kada kowa a gida ya je wurinsu ko ya kira su; in akwai maganar da za a yi, lauya ne zai faɗi hanyar da za a bi.