Amsa ga mai tambaya kan kalmar inconspicuous

Salam ƴar uwa, na ga tambayarki cewa ɗalibarki ƴar Chaina ta kasa riƙe kalmar inconspicuous, kuma in ta riƙe sai ta saka ta inda bai dace ba. Na sha fama da wannan lokacin ina birnin Guangzhou na Chaina ina koya wa yaran wani abokin kasuwancina Turanci da yamma.

Matsalar daga ƙamus take. In ɗaliban suka duba sai su ga an fassara ta da yaren Chaina bu qiyan ko bu xianyan, to shi bu qiyan akwai ɗan ƙanshin raini a cikinsa, kamar abin da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, alhali a Turanci ba raini ko kaɗan, abu ne yana nan a fili amma bai jan ido. Wani yaron ma ya ɗauka daidai take da invisible, nace a'a, wancan ai ba a iya ganinsa kwata-kwata, wannan ko kana iya gani in ka lura.

Abin da ya yi min aiki shi ne misali da kaina. Nace musu in ina tafiya a Xiaobei, unguwar da ƴan Afirka suka yi yawa, na saje ba mai waiwayena, to nan ni inconspicuous ne, amma in na je ƙaramin gari wajen masana'anta kowa sai ya kalle ni, nan na zama conspicuous. Mutum ɗaya, wuri ne ya canza. Wallahi nan take suka gane. Ki fara mata da conspicuous ɗin tukun sannan ki ɗora gaɓar "in-" mai kore ma'ana a farkon kalmar, ki nuna mata spic ɗin da ke tsakiyar kalmar daga Latin yake, ma'anarsa kallo, danginsa ne ke cikin inspect da spectator, suna son irin wannan sosai don sun saba haddar saiwar kalmomi saboda jarabawa.

Sai furuci, gaɓa 5 ce kuma a ta 3 ake dannawa. A Mandarin, wato babban yaren Chaina, baƙaƙe ba sa cunkushewa wuri ɗaya shi ya sa za ki ji tana cusa wasali tsakanin s da p, kamar dai yadda mu muka samu burodi da sukuru daga bread da screw. Kar ki matsa mata, ta riƙa faɗin spic kaɗai har bakinta ya saba, sannan ki ƙara sauran a hankali.