Bashin mahaifi: dole ne babban ɗa ya biya daga aljihunsa?

Malam, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi. Ka ce tun ranar sadakar uku wani abokin kasuwancinsa ke sintiri a ƙofar gidanku yana neman kuɗi, baffanninka kuma sun ce kai ne babba, kai za ka biya. Har barci ya gagare ka, kana ganin kai ka hana mahaifinka hutawa a kabari.

Na ji nauyin da ke zuciyarka, amma akwai gyara a fahimtarka. Gwargwadon abin da ka rubuto, bashin yana kan dukiyar da marigayi ya bari ne. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke bi, ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i sun sa rabon gado bayan wasiyya da bashi. Idan dukiyar ta ƙare bashi bai ƙare ba, a galibi alƙali ba zai tilasta maka cikawa ba. Zama babban ɗa bai ƙara maka kaso ba, bai kuma ɗora maka bashi ba. Sai fa idan ka taɓa tsaya wa Baba lamuni ko ka sa hannu a wata takarda, to nan magana za ta iya sauyawa.

Shi kuwa mai bin bashi, yawan zuwa gidan makoki ba hujja ba ne. Da'awa a kan mamaci tana buƙatar shaidu ko rubutu, kuma ko ya kawo su, yawanci sai ya rantse cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba.

Kada ku raba gado ko ku sayar da gona yanzu, kada kuma ka yi masa alkawari. Ku zauna da shi gaban limami ko mai unguwa, ya kawo abin da yake da shi, a rubuta abin da aka daidaita. In akwai marayu ƙanana, ba ka da ikon amincewa da bashi a madadinsu, wannan sai alƙali. Kotu tana nan idan sulhu ya ci tura, amma tana cin lokaci da zumunci.

In dukiyar ta gaza, ka ga kana son sauke wa Baba sauran, alheri ne na ganin dama. Ka biya gaban shaidu, ka karɓi rasit.